Ruwan Zafin Goggo

6 ga Maris

Ƴar Dogo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata da ta sa ni a gaba, da kunnen nan da kika sani, wanda yanzu ko ƙofa aka buga sai ƴarki Giɓi ta zo ta ja mini zane. Ita kam tana nan ƙalau. Haƙori na biyu ya fita, in ta yi dariya har maƙogwaro ake hangowa. Ta ce a gaishe da Umma.

To, wasiƙarki ta iso. Na ce wasiƙa ne don kara, amma layi huɗu ne. Na juya bayan takardar ko akwai ci gaba, wayam. Na zazzage ambulan, ba komai. Kwana goma tana tafe a hanya, ni kuma ina zaryar gidan waya da wannan gwiwar, duk a kan layi huɗu? Ke da kike cika mini shafi uku, har da labarin kyanwar da ke kwana a kan injin wutar kamfaninku? Kin san da kunnena yana ji da ban dame ki da biro ba, waya zan kira in wanke ki tas, in ajiye.

Kuma wane irin rubutu ne wannan, kamar kaza ta taka tawada? Ni na koya miki riƙe fensir bayan rasuwar ubanki, kuma ba haka na koya miki ba. Ko dai an fara zama manya, an ga gari mai fitilu, rubuta wa tsohuwa mai wankin asibiti ya zama aikin dole? In haka ne ki faɗa mini, ba mutuwa zan yi ba.

Yarinyar nan kullum da safe sai ta soke rana ɗaya a kalanda, ta tambaye ni saura nawa a ba Umma takardar izinin zama a ƙasar can ta zo ta ɗauke ta. Na ce mata ƙarshen Yuli, kamar yadda kika ce. Ni ban gaji da ita ba, Allah ya sani, amma shekara bakwai gare ta, kusan biyu daga ciki ba ta ga uwarta ba sai a hoto. Ki rubuto mata abin da zan karanta mata ya wuce minti ɗaya.

Goggonki

19 ga Maris

Goggo,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa. Allah ya ba gwiwa sauƙi. Ki shafa mini kan Giɓi, ki ce kada ta riƙa tura harshe a wurin haƙorin.

Wallahi Goggo ba girman kai ba ne. Wasiƙarki ta sa ni kuka a bayan ɗakin loka, inda muke canza kaya. Wannan da kike karantawa kwana uku na yi ina rubuta ta, layi biyar in ajiye biro in yarfe hannu. Hannuna na dama ne ya lalace, na yi ta ɓoye miki.

Ban taɓa kwatanta miki aikin sosai ba, don kada ki damu. Ɗakin yanka sanyi ne kamar cikin firji. Muna tsaye awa goma, mu arba'in a jere, da takalmin roba da rigar leda. Kifi yana zuwa daga cikin ƙanƙara a kan bel da inji ke ja. In danne shi da hagu, in soka wuƙa a bayan kai, in lanƙwasa wuyan hannu, in ja har wutsiya, in juya shi, in sake. Kafin in ɗago wani ya iso. Bel ba ya tsayawa sai mai kula da layinmu ya busa usur, shi ya sa muke ce masa Mai Usur. Kusan shekara ɗaya da wata takwas ke nan hannun nan yana yin abu ɗaya.

Da farko yatsun ne ke mutuwa in na farka, in yarfe su su dawo. Yanzu ba sa dawowa duka. Babban yatsa, da manuniya, da na tsakiya, kamar na wani aka ɗinka mini. Wani lokaci kamar ana tsira mini allurai, zafin ya hau har gwiwar hannu. Ƙaramin yatsa ne kaɗai ya rage lafiyayye, shi kuma me zai riƙe? Kofi biyu na fasa a watan nan, ban ma san sun suɓuce ba sai da na ji ƙara.

Za ki ce in je asibiti. Akwai na kamfani, a cikin katanga, tsakanin ɗakin yanka da gidan kwananmu. Amma a kwantiragina an rubuta mai yankan kifi ce ni. Ranar da aka rubuta cewa hannun ba zai iya riƙe wuƙa ba, kwantiragi ya ƙare, a ba ni tikitin komawa gida. Wata mata a layi na uku ta je a watan jiya, saura mata wata biyar. Kafin mako ya zagayo an naɗe katifarta. Ita kuwa takardar zama sai an cika shekara biyu cif ake bayarwa, ko kwana ɗaya ba a yafewa. In babu ita ba zan kama ɗaki a waje ba, ba zan kawo Giɓi ba, duk sanyin da na sha ya tashi a banza.

Mu shida ne a ɗaki, gadaje sama da ƙasa, tagar ba ta buɗuwa. Wadda ke ƙasana muna ce mata Mai Rediyo, don bakinta ba ya hutawa, amma ita kaɗai ta sani kuma ta riƙe. Ita ke murɗe mini wanki.

Saura wata huɗu da ƴan kwanaki, Goggo. Kin yi shekaru a asibiti. Ki faɗa mini abin da zan yi wa hannun nan da kaina, ya kai ni ƙarshen Yuli.

Taki,
Ƴar Dogo

1 ga Afrilu

Ɗiyata,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, gwiwa da sauƙi. Giɓi ta yi ta biyu a karatu, tana ta cika baki, ta ce wadda ta yi ta ɗaya leƙen littafinta take yi.

Ki yafe mini maganar kaza da tawada. Bakin nan nawa ya riga hankalina tafiya tun ina yarinya. Amma ke ma da laifinki. Tun kina ƙarama haka kike, ƙaya ta soke ki ki yi kwana uku kina takawa ba ki faɗa ba.

To saurara. Wannan ba wani ciwo ba ne, sanyi ne ya shige ki. Mutum ya wuni da hannu a ƙanƙara, me ake jira? Shekara ashirin da biyu na yi ina wanki da guga a asibiti, na ga abin da likitoci ba su gani ba, don su sukan wuce ne, mu kuwa muna nan. A ɗakin gashin ƙashi da idona na ga ana naɗe wa mutane hannu da tawul mai tururi, su shigo a ƙage su fita suna murza yatsu. Ni ma da hannuna ya yi tsami a lokacin zannuwan gado, da ruwan zafi na kore shi.

Ga yadda za ki yi. Ki dafa ruwa, ki zuba a bokiti, ki sirka kaɗan kawai. Ba ruwan wankan jariri nake nufi ba, mai zafi sosai. Ki tsoma hannun har wuyansa, kada ki cire sai kin ji zafin ya ratsa ki har ƙashi. In kika cire da wuri wasa kika yi. Bayan nan ki shafa mai, ki naɗe da tsumma. Kwana bakwai a jere, ki rubuto ki ba ni labari.

Asibitin kamfani kuwa, ko inuwarsa kada ki taka. Wata huɗu kamar gobe ne. A gidanmu ba a taɓa ajiye aiki a tsakiya ba. Ubanki da zazzaɓi a jikinsa ya ƙarasa rufin makaranta, yana rawar sanyi yana buga ƙusa. Ke jininsa ce, ki daure.

Goggonki

10 ga Mayu

Ƴar Dogo,

Sallama. Muna lafiya, in kina son sani.

Yau kwana arba'in da na aika miki magani, ko na gode babu. Ma'aikacin gidan waya har ya gane takuna, tun daga nesa yake girgiza mini kai. Na ce ko wasiƙar ta ɓata, ya ce ba ta ɓata ba.

Na san abin da ya faru. Hannu ya warke, an manta da mai magani. Ko kuma fushin kaza da tawada ne har yanzu, bayan na ba ki haƙuri, ni da na goye ki. To ki yi fushinki da ni, amma yarinya me ta yi miki? Jiya ta tambaye ni ko Umma ta sami wata ƴar a can. Sai na yi kamar kunnen ne bai ji ba.

Ko layi huɗun ne ki aiko, na karɓa.

Goggonki

22 ga Mayu

Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki. Kada rubutun ya tsorata ki, Mai Rediyo ce ke rubutawa ina faɗa mata. Ina nan da raina, ina cin abinci. Ki ce wa Giɓi Umma ba ta da wata ƴa sai ita, duniya da lahira.

Na so in ɓoye miki wannan har abada, shi ya sa na yi shiru. Amma yanzu ba ni da wanda zan tambaya sai ke.

Ranar hutunmu da la'asar, washegarin isowar wasiƙarki, ƴan ɗaki sun fita shanya. Na dafa ruwa, na yi yadda kika ce. Na tsoma hannun ina jira in ji ya ratsa ni. Ƙaramin yatsa da bayan hannu suka ɗauki zafi, na ce wannan shi ne aikin, na cije. Su kuwa yatsun nan uku, waɗanda don su nake yi, shiru. Sai na ƙara tafasasshen ruwa daga buta. Ban san tsawon lokacin da na yi ba. Mai Rediyo ce ta shigo ta fizge ni tana salati. Kafin magariba hannun ya tashi, washegari fatar yatsun ta saluɓe.

(Goggo, ni ce mai rubutu. Na ga taurin kai a duniya amma ban ga irin na ƴarki ba. Tururi yana tashi, ita tana zaune tana kallon bango kamar mai jiran mota. Shi ke nan, na mayar mata da bakinta.)

Dole aka kai ni asibitin kamfanin. Na ce buta ce ta kife mini. Ƙuna tana warkewa, don haka ba a korar mutum a kanta, aka mayar da ni ɗakin haɗa kwali da hannu ɗaya har fata ta dawo. Da ta fara dawowa yatsun sun ƙage, sai aka tura ni wurin likitar gashin ƙashi, wata mata mai furfura da ba ta ɗaga murya. Ta juya hannun, ta dubi inda ƙunar ta tsaya a wuyan hannu, a miƙe kamar an ja layi.

Ta ce, “Buta ba ta ƙona mutum haka. Tsoma shi kika yi. Me ya hana ki cirewa?”

Ta ce in rufe ido. Can ta ce, “Wane yatsa na taɓa?” Na ce ai ba ki taɓa ba tukuna. Da na buɗe ido, tana riƙe da manuniyata. Sai kawai na fashe da kuka na faɗa mata komai.

Ta ce ba sanyi ba ne. A wuyan hannu akwai wata ƴar matsattsiyar hanya, jijiyar da ke kai ji ga yatsun nan tana bi ta ciki, tare da igiyoyin da ke lanƙwasa yatsu. Aikin wuƙa ya kumbura igiyoyin, sun danne jijiyar, ba ta da inda za ta matsa. Na ce ashe mu biyu ne. Ba ta yi dariya ba.

Ta ce ɗumi yana taimakawa, ba ki yi ƙarya ba Goggo, amma hannun da ba ya ji ba shi ake tambaya ko ya isa ba. Tana da wata tukunyar lantarki da narkakken kaki irin na kyandir. Sai ta auna da ma'aunin zafi, ta ɗiga a hannunta, ta ɗiga a gwiwar hannuna, sannan in tsoma in cire sau shida har ya zama kamar farar safa. Ta naɗe da tawul, ta saita agogo minti goma sha biyar. Da hagu ta fara, don shi ma ya soma, na dama sai da fata ta yi ƙwari. Bayan an ɓare kakin ta sa ni miƙe hannu, in buɗe yatsu kamar mai tsayar da mota, in dunƙule a hankali, in taɓa kowane yatsa da babban yatsa. Ta ba ni wata safa mai ƙarfe a ciki da nake kwana da ita don kada wuyan hannun ya lanƙwashe. Goggo, shekaranjiya na ji laushin tawul a kan manuniyata. Na yi wata biyar ban ji ba.

Amma ta nuna mini tudun naman da ke gindin babban yatsa, ya fara lotsawa. Ta ce kaki da motsa yatsu suna aiki ne don wata guda ban taɓa wuƙa ba. In na koma layi, abin da ya dawo zai tafi, kuma jijiya in ta daɗe a danne ba kullum take farfaɗowa ba. Ita shawararta a yi mini ɗan aiki a buɗe hanyar, in huta wata biyu.

Ranar 12 ga Yuni za ta rufe fayil ɗina. Ta ce ƙarya ba za ta rubuta ba. In na ci gaba da zuwa wurinta, za ta rubuta cewa hannun bai dace da wuƙa ba, kin san abin da zai biyo baya. In kuma na sa hannu cewa ni na daina zuwa da kaina, fayil zai tsaya a kan ƙuna, ƙuna ta warke, in koma layi in yi mako bakwai da suka rage.

Na juya abin har kaina yana ciwo. In na dubi hannun in ce in taho, in na dubi hoton Giɓi in ce in zauna. Tunda nake ban taɓa yanke wani abu babba ba sai da bakinki. In kin ba da amsa ranar da wannan ta iso, za ta same ni kafin ranar. Abin da kika ce shi zan yi. Kuma don Allah kada ki ɗora wa kanki maganar ruwan.

Taki,
Ƴar Dogo

12 ga Yuni

Goggo,

Ina gaishe ki. Da hagu nake rubutu, ki yi haƙuri da shi.

Kwana huɗu ina zuwa wurin mai rabon wasiƙu a bakin ƙofa, safe da yamma. Yau ma na je kafin in shiga wurin likita. Babu.

Na gane. Kin riga kin faɗa mini tun a watan Afrilu, ba kya son ki maimaita. A gidanmu ba a ajiye aiki a tsakiya. Na sa hannu. Likitar ta ce in tafi da safar, kyauta.

Jibi zan koma layi. Ki sa ni a addu'a.

Ƴar Dogo

17 ga Yuni

Ɗiyata, ɗiyata,

Assalamu alaikum. Ba zan ce miki ina lafiya ba. Giɓi dai lafiyarta lau.

Wasiƙarki ta iso tun ranar ɗaya ga wata. Ba gidan waya ba ne ya yi jinkiri, ni ce. Na karanta ta a tsaye a bakin kanta, sai da ma'aikacin ya kawo mini kujera. Ni na dafa miki hannu. Da bakina, da rubutuna, har da cewa kada ki cire. Wankin zannuwa na yi shekara ashirin da biyu, ba likitanci ba, ta taga nake leƙen ɗakin gashin ƙashi in na zo karɓar tawul. Amma na zauna na rubuta miki kamar ni na gina asibitin.

Sai ga shi kuma kin ce abin da na ce shi za ki yi. Na rubuta ki taho, na dubi yarinyar nan tana ta lissafin ɗakin da za ku zauna, na yaga. Na rubuta ki zauna, na tuna fatar yatsunki, na yaga. Sau huɗu. Daga baya na ce bakin da ya ƙona ki bai cancanci ya sake magana ba, gara in yi shiru ki yanke da kanki, na san hankalinki ya fi nawa. Ni da ban taɓa yin shiru ba a rayuwata, sai a inda bai kamata ba.

Jiya ina wanke wa Giɓi kai na dubi hannuwana a cikin kumfa, duk tsufansu suna jin kowane gashi. Sai na ji kunya ta rufe ni.

Ki taho gida. Kin ji ni? Ki bar musu takardarsu da kifinsu. Ki bari matar nan ta rubuta gaskiya, a yi miki aikin, ki taho da hannunki. Ɗakina ya ishe mu mu uku. Maganar ubanki kuwa, rabi na faɗa miki. Ya ƙarasa rufin, gaskiya ne, amma daga kan rufin nan aka sauko da shi zuwa gadon da bai tashi ba. Ban taɓa yafe wa kaina da ban hana shi hawa ba.

Na san ranar ta wuce. Ina fata ba ki jira ni ba, kin zaɓi hannunki. In kuwa ba haka ba, ki koma wurinta yau ɗin nan ki ce tsohuwar banza ce ta ruɗe ki.

Goggonki mai neman gafara

30 ga Yuni

Goggo,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaishe da Giɓi. Ki daina ce wa kanki tsohuwar banza, ba na so. Na yafe miki ruwan tun ranar da abin ya faru, shirun ma na yafe. Ki ci abinci, na san ba kya ci.

Wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya, yanzu kin riga kin ga tawa. Da taki ta zo ranar goma sha biyu, wallahi da na taho, ko jaka ba zan tsaya ɗaurewa da kyau ba. Na karanta inda kika ce ki taho gida ya fi sau ashirin. Tun da na zo garin nan babu wanda ya ce mini haka.

Na yi abin da kika ce, na koma wurin likitar a lokacin cin abincin rana. Yau kwana goma sha bakwai ina kan layi. Tun mako na farko wuƙar ta fara suɓucewa, sai Mai Rediyo ta riƙa ɗaure mini ita a tafin hannu da bandeji a ɗakin loka, mu ja safar roba a kai. Mai Usur ya gani, ya kau da kai. Likitar ta kwance bandejin, ta ce in taɓa ƙaramin yatsa da babban yatsa. Na dube shi, na ce masa ya je, bai je ba. Tudun nan ya zama rami. Na tambaye ta in na ajiye wuƙa yau, zai dawo? Ta ce aikin zai raba ni da zafin, kuma gara yau da gobe, amma ƙarfin yatsan da jin da ya tafi, ba za ta yi mini alkawarinsu ba.

To kin gani, Goggo. In na taho yanzu, ba hannu ba takarda. Saura kwana talatin da ɗaya. Zan ƙarasa, ba don ubana ba, ba don kin ce ko ba ki ce ba. Wannan karon ni na yanke, kada ki rubuto ki ce komai a kai.

Abu ɗaya nake roƙo, kuma a kan wannan ina son bakinki da duk faɗanki. Ki fara koya wa Giɓi ɓalla maɓallin rigarta da kanta, har na baya. Ki koya mata ɗaure igiyar takalmi, da taje kanta ta kama shi da roba, da yanke farcenta. Ki sa ta yi ta yi har ta iya ba tare da an taya ta ba. Kada ki faɗa mata dalili, ki ce haka manyan ƴanmata suke yi kafin su hau jirgi. Ba na so ranar farko da za ta tafi makaranta daga ɗakinmu ta juyo mini baya ta ce, Umma ɓalla mini, in tsaya ina kallonta.

Taki har kullum,
Ƴar Dogo